Ƙwan Lantarki na LED: Yadda Yake Aiki da Amfaninsa

Ƙwan lantarki na LED yana ba da haske ne idan wuta ta ratsa wani ɗan ƙanƙanen sinadari da ke cikinsa, saɓanin tsohon ƙwai mai zare, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha ke salwanta a zafi.

Nick Holonyak, ɗan Amurka, ya ƙera LED mai jan haske a shekarar 1962. A 2014 kuma, masana uku haifaffun Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka sami lambar yabo ta Nobel saboda LED mai shuɗin haske, wanda ya share fagen samar da farin haske.

A Agege da ke Legas, inda kamfanin Ikeja Electric ke raba wuta, alfanun a aljihu ake jin sa. Ƙwan LED mai wat 9 yana haskawa kamar tsoho mai wat 60. Idan aka kunna su awa biyar kullum, tsohon zai ci yunit 9 a wata, LED kuwa ƙasa da yunit ɗaya da rabi.

Saboda ƙarancin cin wutarsa, masu shayi da masu tsire na iya haskaka teburinsu da batir ko ƙaramar sola, ba tare da janareta ba.