Lambar da ke Jikin Kwalbar Ram

Duk wanda ya taɓa jiran jirgi a Addis Ababa ko Dubai ya ratsa ta shagunan nan masu ƙyalli, inda ake jera turare da cakulan da kwalaben barasa. Yawancinmu wucewa muke yi, tunda addini ya riga ya raba mu da abin. Sai dai sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta ta bar mana wata ɗabi'a: in muka ga lamba, sai mun tambayi me take ƙirgawa. A kan kanta guda za ka ga kwalba biyu na ram, wato barasar da ake yi da rake. Ɗaya fara ce, mai araha, an ce ta sirki ce, a zuba mata lemon tsami ko lemon kwalba. Ɗayar ja ce wur, tana cikin kwali mai ruwan zinariya, an buga mata 12 ko 15 ko 23, kuɗinta ya ninka na farar sau da yawa. Wannan kuwa an ce ta kurɓa ce, kaɗan-kaɗan, kuma wai sirka ta ɓarna ce. Yaushe aka yi wannan rabon, kuma wa ya yi shi?

Ram dai daga shara ta fito. Wanda ya ga yadda ake mazarƙwaila a ƙasar Makarfi ya san rabin labarin: a matse rake, a dafa ruwan har ya yi kauri. Masu son sukari mai tsaba sukan bar shi ya tsiyaye, sai wani baƙin ruwa mai danƙo ya fita, kamar maɗi. Shi ne dusar sukari. A tsibirin Barbados, inda Turawan Ingila suka sauka a 1627 suka kuma rungumi noman rake a shekarun 1640, wannan baƙin maɗi da kumfar da ake kwashewa daga tukwanen dahuwa sun yi yawa har an rasa yadda za a yi da su. Sai aka gano cewa in an sirka su da ruwa aka bari suka tsimu, aka dafa a tukunyar tagulla aka tara tururin, barasa mai kaifi za ta fito. Richard Ligon, wanda ya zauna a tsibirin daga 1647 zuwa 1650 ya kuma buga littafinsa a 1657, ya ambace ta da sunan da ake kiranta a lokacin, wanda ma'anarsa ita ce kashe-shaiɗan. Abin shan bayi ne da barori. Masu gona da suke da hali giyar inabi ta Madeira da barandi suke sha.

Bayin nan kuwa daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso su, kuma nan da nan barasar ta zama kuɗin sayen wasu. 'Yan kasuwar Rhode Island, wani ɗan ƙaramin yanki a Amurka, suna sayo baƙin maɗi daga Karibiyan, su dafa shi ya zama ram, su loda a jirgi zuwa Anomabo da Cape Coast a Ghana ta yau. Tsakanin 1709 da 1807 jiragensu sun yi tafiya sama da 900, sun ɗebi mutane fiye da 100,000. A ɓangaren Brazil ma haka: fataken Bahia suna kawo taba da barasar rake tasu zuwa Wida da Ikko, kuma bayan 1804, da yaƙe-yaƙe suka rincaɓe a ƙasar Hausa, Hausawa da yawa na cikin waɗanda aka loda. Su ne suka shirya tawaye a Bahia a 1807, suka sake tayarwa a 1809 da 1814. Saboda haka ko ba mu taɓa ɗanɗana ta ba, muna da hurumin duba wannan kwalba.

Babu wanda ya yi zancen kurɓa a wancan zamani. Ɗaya daga cikin manyan masu sayen ram ita ce rundunar sojojin ruwan Ingila, wadda ta fara ba matuƙanta ita bayan ta ƙwace Jamaika a 1655, don giyar sha'ir takan lalace a zafin teku. Rabin fayint ake ba kowa a rana, kusan rubu'in lita ke nan da ɗan ɗori, kuma matuƙan kan ɗaga shi gaba ɗaya, abin da ke biyo baya kuwa ba sai an faɗa ba. A watan Agusta na 1740 Admiral Edward Vernon ya ba da umarni a riƙa sirka kashi ɗaya na ram da kashi huɗu na ruwa, a raba sau biyu a yini. Wannan rabo bai tsaya ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970. Shekara 230 ke nan ana sirki bisa umarnin hukuma.

Tsufa a ganga ma da farko ba da gangan aka yi shi ba. Gangar katako ita ce jarkar wancan lokaci, kuma an lura cewa barasar da ta yi watanni a cikinta tana ketare teku takan iso da launi, kaifinta ya ragu. A 1862 Facundo Bacardí ya buɗe masana'antarsa a Santiago ta ƙasar Kyuba, yana ajiye ram a gangar itacen oak, yana tace ta da gawayi har ta fito fara, marar nauyi. A kula da wannan: farar ram ta Kyuba, wadda ake raina wa da sunan ta sirki, ta kwana a ganga, launinta kawai aka cire. Da Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, masu kuɗinta suka riƙa tururuwa zuwa Havana, suka koma gida da ɗabi'ar shan ta da lemon tsami da sukari da ƙanƙara.

Labarin da ya fi ba mu dariya shi ne na Victor Bergeron, mai wani gidan cin abinci a Oakland ta Kalifoniya. A faɗarsa, a 1944 ya ƙirƙiro haɗin da ake kira Mai Tai, kuma ram ɗin da ya zuba a ciki ta kamfanin J. Wray & Nephew ce ta Jamaika, mai shekara 17 a ganga. Haɗin ya samu karɓuwa har aka shanye ta ƙarƙaf, ya koma amfani da mai shekara 15. Abin da a yau za a saka a kwali mai zinariya, a lokacin lemo ake matsa masa ba tare da an ji an yi asara ba.

Rabon da muke gani a kanta ɗan bana-bakwai ne. Masu wiski na Sikotland da masu barandi na Faransa sun daɗe da koya wa duniya cewa lamba a jikin kwalba daraja ce, masu ram suka bi sahu daga baya. Kamfanin Demerara Distillers na ƙasar Guyana ya fito da El Dorado mai shekara 15 a 1992, kuma da yawa suna ƙirga tashen ram ɗin kurɓa daga nan.

To, tsadar tana da tushe, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Ganga tana numfashi, barasar na tsirarewa ta jikin katako. A sanyin Sikotland kusan kashi 2 cikin 100 ke tafiya a shekara, a zafin Jamaika kuwa wajen kashi 6. Mun buga lissafin: bayan shekara 12, mai wiski yana da kusan kashi 78 na abin da ya zuba, mai ram ko rabi bai cika ba. Bayan shekara 21 abin da ya rage masa bai wuce kashi 27 ba. Gangunan kansu yawanci kwancen Amurka ne, don dokar can ta ce wiskin bourbon sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, su kuma masu ram su saye tsofaffin. Daga wannan katako ne ƙamshin banila da launin ja suke fitowa, kuma ƙamshi ne marar ƙarfi, lemon kwalba na danne shi. Wannan ita ce hujjar masu cewa kada a sirka, kuma hujja ce ta gaske.

Matsalar tana ga lambar. A wajen aikinmu, in tsari biyu suna aika wa juna bayani alhali ba su yarda da ma'anar gurbi ɗaya ba, ɓarna ake yi ba tare da ko ɗaya ya nuna kuskure ba. Haka lambar ram take. A Jamaika, 12 na nufin mafi ƙuruciyar abin da ke cikin kwalbar ya shekara 12. A wasu ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci ana bin tsarin solera, inda ake ɗiba daga tsohuwar ganga a cike gurbin da sabuwa, a yi ta haka. Zacapa ta Gwatamala, mai ɗauke da 23, gaurayen ram ne daga mai shekara 6 zuwa mai 23. Lambar ta nuna mafi tsufa ne, kuma ba ta faɗi ko kashi nawa ne shi a ciki ba. Mai saye da ya jera 12 ta Jamaika da 23 ta Gwatamala ya ɗauka ta biyun ta kusa ninka ta farkon, alhali mudu biyu ne daban. Launi ma ba shaida ba ne, tunda an halatta ɗiga ƙonannen sukari don a yi duhu.

Sai kuma laushin nan da ake yabo. Ƙasashen Finland da Suwidin gwamnati ce ke da shagunan barasa, kuma suna auna abin da suke sayarwa. Da alƙalumansu suka bazu a intanet shekaru goma sha da suka wuce, sai aka ga wasu shahararrun kwalaben kurɓa na ɗauke da sukari sama da giram 30 a kowace lita, kusan ƙaramin cokali bakwai ke nan. Sukarin rake ba ya bin tururi ya hau, don haka daga baya aka zuba shi. Ashe wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya sha tsantsa, an riga an sirka masa tun daga masana'anta. A ganinmu, kafin a ce kwalba ta kurɓa ce ko ta sirki, abin tambaya shi ne dokar wace ƙasa ce ta ba da lambar, a ina gangar ta kwana, da kuma me aka ƙara bayan an sauke ta. A Jamaika kanta, wadda ake sha a ko'ina ita ce farar Wray & Nephew mai ƙarfin kashi 63, ba ta da lambar shekara ko ɗaya.

Tun daga watan Mayu na 2021 Tarayyar Turai ta kafa iyaka: abin da ya haura giram 20 na sukari a lita ba za a sayar da shi da sunan ram ba. Wasu kamfanoni sun rage sukarin. Wasu kuma sun bar shi yadda yake, suka cire kalmar ram daga takardar kwalbar.