Hawan duwatsu da tsohuwar a-kori-kura: yadda ake tsara gyaran motar

Hawan duwatsu da mota wasa ne da ya yi ƙarfi a yammacin Amurka, inda direba ke bi da mota mai jan tayoyi huɗu ta kan manyan duwatsu da kwazazzabai a hankali, sau da yawa cikin saurin da bai kai na mai tafiya a ƙasa ba. Gwanintar ita ce direba ya san dutsen da zai ɗora kowace taya a kai, ya kuma fita da motarsa lafiya. Wuraren da suka fi shahara su ne kewayen garin Moab a jihar Yuta, da hanyar Rubikon mai tsawon kusan kilomita 35 a tsaunukan Siyera Nebada na Kalifoniya, da kwarin Johnson, inda ake gudanar da gasar King of the Hammers tun 2007.

Da yawa daga masu wannan wasa kan sayi tsohuwar a-kori-kura su riƙa gyara ta kaɗan-kaɗan. Sai dai kowane canji yakan jawo wani, kuma wanda ya fara ba tare da tsari ba yakan biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Motar da aka fi nema

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ƙaramar Toyota mai buɗaɗɗen baya, wadda a sauran ƙasashe ake kira Hilux. Ita ce dai motar da aka sani a hanyoyin karkarar Najeriya da Nijar, kuma motocin Toyota irinta ne suka sa aka laƙaba wa yaƙin Chadi da Libiya na 1987 sunan Yaƙin Toyota.

Daga 1979 zuwa 1985, masu jan tayoyi huɗu da aka sayar a Amurka suna zuwa da miƙaƙƙen aksul a gaba, wato sandar ƙarfe guda da ta haɗa tayoyin biyu. Idan taya ɗaya ta hau dutse, sandar takan danne ɗayar zuwa ƙasa, sai motar ta ci gaba da samun riƙo. Daga 1986 kamfanin ya koma tsarin da kowace tayar gaba ke motsi da kanta, wanda ya fi daɗi a kwalta amma bai kai wancan lanƙwasuwa a kan duwatsu ba. Ƙirar 1985 ta fi daraja a wurin masu nema, domin a shekarar ce aka samu miƙaƙƙen aksul tare da injin 22R-E mai feshin mai. Kabureta kan cika da mai ko ta rasa shi idan mota ta karkace sosai, injin kuma ya mutu a daidai wurin da bai kamata ba. Mai ƙirar 1986 zuwa 1995 yakan yanke tsarin gaban ya walda miƙaƙƙen aksul, aikin da ke buƙatar ƙwararren mai walda.

Abin da ke gaban komai

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, sai mai motar ya yanke shawara: shin za ta ci gaba da hawa titi ne, ko za a riƙa ɗaukar ta a tirela zuwa bakin daji? Amsar ce ke tantance girman taya da tsayin da za a ɗaga ta, domin dokokin jihohin Amurka sun bambanta game da tsayin bamba da fitowar taya waje da bodi.

Daga nan sai binciken lafiyar motar. Motar da ta haura shekara 30 ana fara duba shasinta, musamman inda sifirin ke maƙale, domin tsatsa kan ci ƙarfen daga ciki. Sai birki, da sitiyari, da lagireto. Injin da ke aiki na sa'o'i mota ba ta gudu ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi, don haka duk raunin da ke cikin lagireto zai bayyana. Kuɗin da aka zuba a manyan tayoyi alhali shasi ya rube asara ce.

Taya ce ke jan ragama

Girman taya shi ne kaɗai ke ɗaga ƙasan aksul daga dutse. Motar ta fito daga masana'anta da taya mai tsayin kusan inci 28. Idan aka sa mai inci 35, tsayin ya ƙaru da inci 7, amma tazarar da aka samu a ƙasan aksul rabin haka ce, inci uku da rabi. Ɗaga bodi ko sifirin amfaninsa samar wa tayar wurin zama ne. Ɗagawar da ta wuce kima tana mai da nauyin mota sama, ta sa ta saurin kifewa, shi ya sa ƙwararru da dama suka fi son yanke bakin bodi da ɗaga motar sosai.

Babbar taya kuma tana rage wa injin ƙarfi. Haƙoran difarenshal na asali a yawancin waɗannan motoci 4.10 ne, ma'ana farfela na juyawa sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ga taya mai inci 33 akan koma 4.88, ga mai inci 35 kuma 5.29. Dole gaba da baya su zama iri ɗaya. Nauyin tayar yana kuma matsa wa gaɓar da ke juya tayoyin gaba, wadda ake kira Birfield, kuma ita ce ta fi karyewa a wannan ƙira, don haka akan maye gurbinta da mai ƙarfen da ya fi tauri.

A kan duwatsu akan rage iskar taya domin ta rungumi dutsen. Idan iskar ta yi ƙasa ƙwarai taya kan suɓuce daga rim, abin da ya sa wasu ke sayen rim mai zobe da ƙusoshi da ke damƙe bakinta.

Lissafin rarrafe

Ana auna iya rarrafen mota ta hanyar ninka lambobi uku: giya ta ɗaya, da ƙaramar giyar taimako da direbobi ke kira ogzileri, da haƙoran difarenshal. A motar da ba a taɓa ba, 3.95 sau 2.28 sau 4.10 ya ba da kusan 37. Wato injin na juyawa sau 37 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan ya yi sauri ga manyan duwatsu, direba zai yi ta wasa da kuloci har ya ƙone.

Idan aka sauya haƙoran giyar taimako zuwa 4.7 aka haɗa da 5.29, adadin ya kai kusan 98. Kamfanin Marlin Crawler na Kalifoniya ya shahara da jera akwatunan giyar taimako biyu, ɗaya a bayan ɗaya, wanda ke kai lissafin kusan 224. A wannan mataki, injin da ke juyi 1,000 a minti ɗaya yana tafiyar da mota mai taya inci 35 ƙasa da kilomita ɗaya a awa. Sai dai ƙarin akwatin yana tura komai baya, dole a rage tsawon farfelar baya a ƙara na gaba.

Makulli da kariya

Difarenshal na yau da kullum yana barin ƙarfi ya tsere ta tayar da ta fi sauƙin juyawa. Da zarar taya ɗaya ta ɗaga sama, sai ta yi ta juyi a banza, wadda ke ƙasa kuma ta tsaya cak. Makulli ne ke tilasta wa biyun juyawa tare. Akwai mai kulle kansa kamar Detroit Locker, akwai wanda direba ke kunnawa da iska kamar na kamfanin ARB na Ostireliya. Na biyun ya fi tsada, amma ya fi sauƙin sarrafawa a titi. Hikimar ita ce a sa makulli ranar da ake sauya haƙora, tunda aikin buɗe wuri ɗaya ne.

Kariya ba ta jiran ƙarshe. Ana walda sandunan ƙarfe a gefen shasi don kare ƙofofi, da farantai a ƙasan giya da tankin mai, da kejin bututu a cikin gidan direba saboda ranar kifewa. Injin jan igiya kuwa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na cikakken nauyin motar.

Taƙaddamar filaye

Yawancin waɗannan hanyoyi suna kan filayen gwamnati ne, don haka makomar wasan ta rataya a kan siyasa. A 2009 hukumar kula da ingancin ruwa ta yankin ta umarci ƙaramar hukumar El Dorado da Hukumar Gandun Daji da su magance zaizayar ƙasa, da zubar man mota, da ƙazantar da ke gangarawa ruwa daga hanyar Rubikon. A kwarin Johnson, masu wasan sun yi jayayya da rundunar sojin ruwa ta Marin da ke son faɗaɗa sansaninta, har Majalisar Dokokin Amurka ta raba filin a 2013, ta ware wani sashe da ake amfani da shi karɓa-karɓa. A 2023 kuma hukumar kula da filayen tarayya, BLM, ta rufe hanyoyi masu tsawon mil 317 kusa da Moab, matakin da masu kare muhalli suka yaba, masu motoci da gwamnatin Yuta kuma suka ƙalubalanta.

Saboda haka toshe yoyon mai, da ɗaukar kayan kwashe wanda ya zuba, da tsayawa kan hanyar da aka shata, sun shiga cikin tsarin gyaran kamar yadda taya da giya suka shiga. Shirin Tread Lightly!, wanda Hukumar Gandun Daji ta ƙaddamar a 1985, kan waɗannan ladubba yake wayar da kan direbobi, domin irin ɓarnar da aka gani a kan hanya tana cikin abubuwan da hukumomi ke dubawa kafin su yanke hukuncin barin ta a buɗe ko rufe ta.