Wace Jam'iyya Ce Ta Tsaya Wa Mutanen Kudancin Kaduna?



Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, magana ɗaya ce ke yawo a Kafanchan, daga tashar mota har teburin mai shayi: wai jam'iyya kaza ta Hausawa ce, jam'iyya kaza kuma ta 'yan ƙasa ce. Kowa yana da tarihin da yake jawowa ya kafa hujja. Wannan ya ce tun zamanin Sardauna su ake dannewa, wancan ya ce ai jam'iyyarsa ce ta ba su sarauta da gwamna. Ni iyakacin karatuna sakandare, mahaifina kuma ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi da atamfa. Kakana daga ƙasar Kano ya biyo layin dogo ya sauka a nan. Idan mun je Kano a ce mana 'yan Kafanchan, idan mun dawo gida a ce mana baƙi. Wanda yake tsaye a irin wannan wuri dole ya so sanin asalin maganar, shi ya sa na bi ta daga tushe.

Kafin jam'iyyu akwai sarauta. An kafa masarautar Jama'a a wajen 1810, tana ƙarƙashin Zazzau, kuma cikin gaisuwar da take aikawa Zariya har da bayi. Daga ina ake kamo su? Daga ƙauyukan da ke kewaye da mu. Wannan ba abin da Bahaushe zai ɓoye ba ne, domin jikokin waɗanda aka kai wa harin ba su manta ba. Da Turawa suka zo sai suka ƙara wa Borno dawaki: ƙabilun da ba a taɓa cin su da yaƙi sosai ba aka ɗora musu hakimai daga Zariya, masu karɓar haraji da sa aikin tilas. Kagoro da Marwa da Jaba ne suka tsira da sarakunansu. Bajju, waɗanda muke kira Kaje, sun yi bore a 1942. Atyap, wato Katab, suka yi nasu a 1946. Shi kansa garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi bayan ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, sannan a 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikinsa, a ƙasar da Fantswam da Kaninkon ke cewa tasu ce.

To a kan wannan tabon aka kafa siyasa. NPC ta Sardauna jam'iyyar sarakuna da En'e ce, takenta Arewa ɗaya al'umma ɗaya, ba ta son jin zancen a yanke wani yanki. Kiristocin da suka yi karatu a makarantun mishan suka kafa ƙungiyarsu a 1949, wadda ta rikiɗe ta zama MZL, daga baya a 1955 ta haɗu da wata aka sami UMBC. Wani ɓangare na shugabanninta ya jingina da NPC, amma da Joseph Tarka ya karɓi ragama sai ya ƙulla da AG ta Awolowo. Buƙatarsu a fili take: a ba su jihar tsakiyar Nijeriya, a raba su da mulkin sarakunan Arewa.

Abin da samarin yanzu ba su sani ba, a ɓangarorin biyu, shi ne cewa akwai Hausawa Musulmi da suke faɗa da wannan En'e ɗin a lokaci guda. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma abokin gabarta shi ne abokin gabar mutumin Zonkwa: hakimi, da dogari, da ɗan doka, da alƙalin da ke ɗaure mutum don ya ƙi cire takalmi a gaban basarake. Bulalar da ta sauka a bayan manomin Kaje ita ce ta sauka a bayan ɗan NEPU a Kano da Zariya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, abin da bai samu ba sai a 1976. Tarka da kansa ya kai Ibrahim Imam, Babarbare Musulmi daga Borno, ya tsayar da shi a ƙasar Tibi a 1961, kuma Tibi suka zaɓe shi zuwa majalisar Arewa a Kaduna. Kafin zaɓen 1964 NEPU da UMBC suka shiga ƙawance ɗaya. Ka kwatanta wannan da yau mana, mai karatu.

Amma kada a ɗauka masu goyon bayan nan duk don Allah suke yi. Awolowo yana son a tsaga Arewa ne domin ya rage wa NPC kujeru. Ita kuwa NPC da ta rantse ba za a taɓa Arewa ba, ita ce ta haɗa kai da NCNC aka yanke jihar Tsakiyar Yamma daga ƙasar Awolowo a 1963. Kowace jam'iyya tana ƙaunar ƙananan ƙabilu matuƙar a gidan maƙwabci suke. Hukumar Willink da Turawa suka kafa a 1957 ta saurari koke-koke, ta fitar da rahoto a 1958, ta ce ba za a ƙirƙiro jihohi ba, sai dai a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. An rubuta. Hakimi bai karanta ba.

Wani abin mamaki shi ne yawancin abin da aka yi shekaru ana nema, soja ne suka bayar, ba 'yan siyasa ba. Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu 1967. A shekarar ne aka naɗa Bala Ade Dauke hakimin Zangon Katab, ɗan ƙabilar na farko a kan kujerar. A zamanin soja ne aka ƙwace 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Kuma a 1995, Kanar Lawal Ja'afaru Isa, Bahaushe Musulmi, shi ne ya ba Atyap da Bajju masarautunsu.

A Jamhuriya ta Biyu aka yi wata irin juyawa. Tarka, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗa da NPC, ya shiga NPN, inda mafi yawan tsofaffin 'yan NPC suka taru, ya zama sanata a cikinta har ya rasu a 1980. A Kaduna kuwa, wadda a lokacin har da Katsina a cikinta, Balarabe Musa na PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN a 1979, kuma ƙuri'un kudancin Zariya na cikin abin da ya ɗaga shi. Ya soke haraji da jangali. Majalisar jiha da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yuni 1981. A ganina wannan ne karo na ƙarshe da talakan Bahaushe da manomin kudu suka jefa ƙuri'a a akwati ɗaya saboda suna ganin damuwarsu ɗaya ce.

Irin wannan musu ba a nan kaɗai ake yin sa ba. A Amurka 'yan Republican suna tuna wa baƙar fata cewa Lincoln nasu ne, shi ya 'yanta bayi, kuma da aka zo dokar haƙƙin jama'a ta 1964 'yan Democrat na kudancin ƙasar ne suka fi kowa tare hanya. Gaskiya ne. Su kuma 'yan Democrat su ce ai shugabansu Lyndon Johnson ne ya sa wa dokar hannu, ɗan takarar Republican na shekarar, Goldwater, ya ƙi ta, kuma irin su Strom Thurmond masu son wariya suka kwashe kayansu suka koma Republican. Shi ma gaskiya ne. Sunan jam'iyya yana nan, mutanen da ke cikin rigar ne suka sauya. Namu ma ya fi nasu rikitarwa, domin mu har sunan ba ya daɗewa.

Mu dawo gida. Abin da ya raba tsohon ƙawancen nan ya faru ne a shekarun da babu jam'iyya ko ɗaya. A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan wa'azin da aka yi a taron ɗalibai Kirista. Ya fito cikin gari, aka ƙona masallatai, labari ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, can kuma aka ƙona coci-coci masu yawa. Daga nan kalmomin suka canja. Da ana cewa talaka da basarake, sai aka koma Musulmi da Kirista.

Na Zangon Katab a 1992 shi ya fi taɓa ni, domin a kan kasuwa aka fara. Ƙaramar hukuma ta ce a ɗauke kasuwar daga cikin garin Hausawa a kai ta wani fili. Wanda bai tashi a gidan kasuwanci ba zai ce mene ne abin faɗa a nan. Amma rumfa gado ce. Inda rumfarka take shi ne inda masu cinikinka suka san ka, inda ake ba ka bashi, inda ɗanka zai zauna bayanka. Hausawa suna ganin za a raba su da abincinsu. Atyap kuma suna ganin kasuwa ce a ƙasarsu da ba su da ta cewa a cikinta, ba a bari su sayar da burkutu da naman alade, ga tsohon ciwon filayen da suke cewa an ƙwace wa kakanninsu. Aka yi na Fabrairu, aka yi na Mayu wanda ya fi muni, aka kusa shafe garin Zango, wuta ta kama har Kaduna. Kotun musamman ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, gwamnatin Babangida ta mayar da shi ɗauri. Har gobe ɓangare ɗaya na cewa an zalunce su a shari'ar, ɗayan na cewa an yafe jininsu.

Da aka dawo farar hula a 1999, kudu ta rungumi PDP. To PDP ɗin ta su wa ce? Shugabanta na farko Solomon Lar ne, ɗan Filato. A cikinta akwai Abubakar Rimi na PRP, akwai Adamu Ciroma na NPN. Jikokin NEPU da na NPC da na UMBC duk a inuwa ɗaya. Gwamna Ahmed Makarfi, bayan rikicin naɗin Sarkin Jama'a na Mayu 1999 da na shari'a na 2000, ya ƙirƙiro ƙarin masarautu, har Fantswam suka sami tasu a nan Kafanchan. A 2010 Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya zama gwamna da Namadi Sambo ya tafi Abuja, ya ci zaɓe a 2011, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa a Disamba 2012. Wannan shi ne abin da mutumin kudu yake nufi idan ya ce PDP ta yi masa rana, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Sai dai akwai wata tambayar da ba a cika yi ba. A jiha mutumin kudu ne ɗan tsiraru, amma a Zonkwa da Matsirga da Kagoro, Bahaushe da Bafillace ne 'yan tsiraru. Wa ya tsaya musu? Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilu 2011 an kashe fiye da mutum 800 a jihohin Arewa 12 bisa ƙidayar Human Rights Watch. A arewa Kiristoci aka bi, a nan kudu Musulmi ne suka fi mutuwa. Kasuwar Kafanchan ta ƙone, rumfar mahaifina na ciki, ta makwabcinsa Ibo mai sayar da takalma ma haka. Ina yaro a lokacin, abin da na fi tunawa shi ne ƙaurin yadi da ya kwana uku a jikin rigarsa. Bayan nan kuma aka shiga shekarun hare-haren dare a ƙauyuka, Godogodo da Goska a 2016 da wasu da yawa, inda Kiristoci manoma suka yi ta binne 'yan uwansu. Kowace jam'iyya gawar da ke da ƙuri'a a wajenta take ƙirgawa.

APC da ta karɓi jihar a 2015 an gina ta ne a 2013 da CPC da ANPP da ACN, kuma ita ACN da gadon Awolowo take tinƙaho, wato mutumin da jam'iyyarsa ta ɗauki nauyin UMBC. Duk da haka kudu ba ta yarda da ita ba, musamman da Nasiru El-Rufa'i ya ɗauki Hadiza Balarabe, Musulma 'yar Sanga, ta zama mataimakiyarsa a 2019, aka karya al'adar ba Kirista kujerar. Shi kansa El-Rufa'in ministan PDP ne daga 2003 zuwa 2007, kuma a 2025 ya bar APC ɗin. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 da yawa daga ƙauyukan da suka shekara ashirin da huɗu suna dangwala wa lema sai suka koma wa Peter Obi na LP, Hausawan cikin gari kuma suka rabu tsakanin Atiku da Tinubu.

A rubutu na gaba, in Allah ya yarda, zan taɓo batun takardar zama ɗan ƙasa, da yadda wanda aka haifi kakansa a gari yake cika fom.