Daga Teburin Imam Zuwa Zauren JAMB: Yadda Ƙofar Aikin Jarida Ta Sauya

A watan Janairun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, babu wanda ya tambayi editanta takardar shaidar karatun aikin jarida, domin a duk faɗin Nijeriya babu makarantar da ke ba da ita. Malam Abubakar Imam malamin makaranta ne, ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Alƙalaminsa ne ya ja hankalin Dokta Rupert East, jami'in da ke kula da harkar talifi a Zariya, tun daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja. Hausar da ke bakinsa ita ce ta ba shi aikin, a kan teburin edita kuma ya koyi sauran.

A Legas ma haka abin yake. Babatunde Jose ya shiga Daily Times a 1941 yana ɗan shekara 16, a matsayin yaron maɗaba'a mai koyon aiki, daga baya har ya zama editan jaridar a 1957. Aikin jarida a wancan zamani sana'ar hannu ce kamar ɗinki ko ƙira: yaro ya zauna gaban maigida, a aike shi kotu ko ofishin En'e ya ɗauko labari, ya kawo a bi shi da jan biro layi-layi, ya koma ya sake. Wanda ya jure ya zama gwani, wanda ya kasa ya nemi aikin akawu.

Wanda ya kai sana'ar cikin jami'a shi ma ɗan jarida ne. Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot da ya kafa a 1937, a Amurka ya yi karatu, inda tuni jami'o'i suka daɗe suna ba da digiri a aikin jarida, alhali Ingila tana ganin abin ba na aji ba ne. Shi da Imam sun san juna, tare suka je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma. Da aka buɗe Jami'ar Nsukka a 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ba a yi shekara biyu ba aka kafa kwalejin aikin jarida a cikinta, a 1961, aka sa mata sunan Jackson don tunawa da gidan da ya yi jaridar Lagos Weekly Record. Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966 da tallafin UNESCO. Yaƙin basasa ya rufe Nsukka daga 1967 zuwa 1970, saboda haka a waɗannan shekaru Legas ce kaɗai ke riƙe da tutar.

Tun daga nan aka sami rabuwar da har yau ɗalibai ke tuntuɓe da ita. Nsukka ta ajiye kwas ɗin a tsangayar fasaha, tare da Ingilishi da Tarihi. Legas ta kai shi tsangayar kimiyyar zamantakewa, kusa da Tattalin Arziki. Sunan ma ya sauya, daga aikin jarida zalla ya koma sadarwa ga jama'a, wanda ɗalibai suka gutsure suke kira Maskom, don ya haɗa rediyo da talabijin da tallace-tallace da hulɗa da jama'a. Inda aka ajiye kwas, nan ake yanke masa sharuɗɗa. Shi ya sa wata jami'ar take kafewa kan Adabi, wata kuma ta fi damuwa da Lissafi, ga shi kuwa digirin ɗaya ne.

Arewa ta makara, ba don ba ta da 'yan jarida ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya buɗe a 1962, New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairun 1966. Waɗanda suka riƙe waɗannan wurare galibi tsofaffin malaman makaranta ne da ma'aikatan yaɗa labarai na gwamnati, sai a tura mutum kwas na 'yan watanni a makarantar horar da ma'aikatan rediyo ta Legas, ko a London in ya yi sa'a. Sai a ƙarshen shekarun 1970, bayan Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, aka buɗe sashen a Kano. Maiduguri ta bi sahu, Kwalejin Talabijin ta NTA ta kafu a Jos, Kaduna Poli kuma ta yi ta yaye masu difloma da suka cika gidajen rediyon jihohi.

Daidai wannan lokaci ne ƙofar shiga jami'a kanta ta sauya. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta. Yaro mai ƙwazo sai ya sami gurbi uku ya zaɓi ɗaya, sauran biyun su tafi a banza, wani kuma yana gida bai samu ba. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa hukumar JAMB don ta toshe wannan ɓarakar. Abin da ya biyo baya duk ƙari ne a kan ƙari: jarrabawar tantancewa ta jami'o'i a 2005, haɗe jarrabawar jami'a da ta poli da ta kwalejin ilimi a 2010, komawa kwamfuta gaba ɗaya a 2015, sai tsarin CAPS a 2017, wanda ta intanet ɗalibi zai ga an ba shi gurbi ya danna ya karɓa.

Yau wanda ke son Maskom sai ya zo da kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu, a zama ɗaya ko biyu, Ingilishi a ciki babu fashi, a yawancin jami'o'i har da Lissafi, a da dama kuma har da Adabin Ingilishi. A JAMB zai rubuta Ingilishi da darussa uku daga ɓangaren fasaha ko zamantakewa, a auna shi a kan maki 400. Mai difloma ko NCE ko sakamakon IJMB yana iya tsallakawa ya faro daga aji biyu. A jami'o'in tarayya kuma ana raba guraben kashi uku: 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimin boko.

A takarda abin ba wuya. A shagon intanet ne ake ganin ainihinsa. Yarinya ce ta zo da mayafinta da 'yar takarda mai lambar rajista, tun tana aji uku na sakandare take kwaikwayon masu karanta labarai a madubi, makinta na JAMB ya haura na ƙawayenta. Mai shago ya buɗe sakamakonta, ya bi da yatsa a kan gilashin kwamfuta, ya tsaya a wuri ɗaya. Adabin Ingilishi, D7. Wata ma ba ta rubuta shi ba sam, domin makarantarsu ba ta da malamin Adabi, kuma ba wanda ya gaya mata tun tana aji huɗu cewa wannan darasin ne mabuɗin. Shawarar da za a ba ta ɗaya ce cikin biyu: ta canza kwas, ko ta sake zama baɗi. Ba a ƙirga irin waɗannan a cikin waɗanda suka faɗi jarrabawa, amma gida suke komawa.

Wanda ya tsallake zai tarar da manhajar da ita ma tana da nata tarihin. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC, wadda aka kafa a 1962, ba ta sami ikon shimfiɗa wa jami'o'i mafi ƙarancin ma'auni ba sai da dokar soja ta 1985. Kundin farko ya fito a 1989, aka sabunta shi a 2007. Tsarin bai sauya sosai ba tsawon shekaru. Aji ɗaya na share fage ne da darussan gama-gari. Aji biyu ake fara rubuta labari, a koya wa ɗalibi ya sa mafi muhimmanci a sama, ya amsa wa, me, ina, yaushe, don me, ta yaya, kafin ya shiga sauran bayani. Daga nan sai ka'idojin sadarwa, dokokin aikin jarida da ladubbansa, ɗaukar hoto, gyaran labari, hanyoyin bincike. A shekarar ƙarshe kowa ya rubuta kundinsa ya kare shi gaban malamai.

Inda aka fi koyon aikin, in za a faɗi gaskiya, shi ne watannin da ake tura ɗalibi gidan rediyo ko jarida, ƙarƙashin shirin SIWES da asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973. Nan zai ga agogon situdiyo ba ya jiran kowa. A miƙa masa labarin Turanci saura minti ashirin a shiga labarai, a ce ya mayar da shi Hausa. Ya zauna da biro yana gumi a kan kalma ɗaya, tsohon mai fassara da ko digiri ba shi da shi ya leƙo ta kafaɗarsa, ya faɗa masa ita ba tare da ya ajiye kofin shayinsa ba. Tsarin maigida da yaro da aka ce jami'a ta maye gurbinsa yana nan da ransa, an dai rage masa wa'adi ne an ba shi littafin sa hannu.

Kasuwa ce ta cika azuzuwan. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga nan tashoshin FM suka yi ta tsirowa. Ga finafinan Hausa da suka bunƙasa tun daga Turmin Danya a 1990, ga bankuna da kamfanonin waya masu neman jami'an hulɗa da jama'a. Maskom ta zama cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, aji ya cika ya batse, kyamara ɗaya ɗalibai da yawa. Digirin kuwa ya zama kamar kayan koli, komai akwai kaɗan-kaɗan, babu abin da aka ƙware a kai.

Wannan ƙorafin ne ya kai ga sanarwar NUC ta farkon 2020, cewa an rarraba Maskom gida bakwai: aikin jarida da nazarin kafofin labarai, hulɗa da jama'a, tallace-tallace, watsa shirye-shirye, fim da dangoginsa, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafofin labarai. Shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ba baƙo ba ne a harkar, ya taɓa riƙe New Nigerian kafin ya shugabanci Jami'ar Bayero. A Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhaja, wadda NUC ke tsara kashi 70 cikin ɗari, a bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Nauyin da ya ƙaru a kan ɗan shekara 17 shi ne, tun a wajen cike fom zai zaɓi reshe, kafin ya taɓa shiga situdiyo ko ɗakin labarai.

Wannan kashi 30 ɗin shi ne abin sa wa ido a Arewa. Mafi yawan waɗanda suka gama Maskom a Kano ko Zariya ko Sakkwato, in sun sami aiki a fagensu, da Hausa za su ci abinci: labarai, shirin siyasa na dare, tallar magani, fassarar sanarwar rigakafi, shafukan Facebook da YouTube. Amma a bakin ƙofa Ingilishi ne wajibi, Hausa zaɓi ce, wanda ya ga dama ya rubuta, wanda bai ga dama ba babu mai tambayarsa. Ana iya ba mutum digiri mai daraja ta ɗaya bai san inda ake sa ƙugiya a ƙ da ɗ ba, ya je ya rubuta kanun labari ya mayar da ƙasa kasa. Ba wanda ya ce a sassauta Ingilishi, ɗan jarida na bukatarsa kamar ruwan sha. Sai dai harshen da ya ɗora Imam a kan kujerar edita a 1939 ya cancanci fiye da zama darasin cike gurbi, kuma yanzu jami'o'in ba su da uzurin cewa Abuja ce ta ɗaure musu hannu.

Ga iyaye da malaman sakandare kuwa, aikin na aji huɗu ne, lokacin da yara ke zaɓen darussa. Duk yaron da aka ga yana da sha'awar makirfo ko alƙalami, a buɗe ƙasidar JAMB ta shekarar a duba abin da jami'ar da yake so ta nema, a tabbatar ya yi rajistar Adabin Ingilishi, a kuma sa masa Hausa.