Tsabtar gidan da ya cika da baƙi da dabbobi

Tambaya: Gidanmu a Sabon Birni ya cika da 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauyukan Isa, har da awakinsu. Yaya zan tsare tsarkin gidan?

Amsa: Allah ya saka miki da alherin saukar da su. Ki sani, a mazhabar Malikiyya kashin akuya da fitsarinta ba najasa ba ne, muddin ba ta cin najasa. Shara ta wadatar. Fitsarin yaro kuwa, ko jariri ne, sai an wanke da ruwa. Ki raba aikin bisa lokutan salla: shara bayan asuba, wanke-wanke kafin azahar, da dare a rufe randa, domin Annabi (SAW) ya yi umarni da rufe ƙwarya. Tabarmar salla a rataye ta, kada yara su taka.