Fanbel da ajasta: Abin da ya kamata mai mota ya sani kafin a sauya masa su

Fanbel shi ne sunan da makanikai da direbobi suka saba kiran bel ɗin robar da ke zagaye a gefen injin mota. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da wannan bel ke juya fankar lagireto, kamar yadda yake a Fijo 504. A yawancin motocin yau fankar da lantarki take aiki, amma sunan ya zauna. Aikin bel ɗin shi ne ya ɗauko ƙarfi daga babban fulin da ke ƙasan inji, ya juya altaneta mai cajin batir, da kwamfuresan na'urar sanyaya mota, da famfon sitiyari. A motoci da yawa har famfon ruwan da ke sanyaya inji shi ke juya shi.

Tsofaffin motoci kan zo da bel biyu ko uku, kowanne da notin da ake ɗaure shi da hannu. Na baya-bayan nan kuwa bel ɗaya ne dogo, mai tsagi-tsagi a cikinsa, wanda ke bi ta kan dukkan na'urorin. Irin wannan bel ba ya aiki sai da abin da zai riƙa danna shi kullum domin kada ya saki. Wannan abu shi ake kira ajasta, wasu kuma su ce tenshina: hannu ne na ƙarfe mai sifirin a ciki, da ƙaramin fuli mai boris a bakinsa. A wasu injuna, irin na Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, ajastan na da 'yar ƙaramar shokazoba mai rage girgiza.

Kada a haɗa fanbel da taimin bel. Taimin bel a rufe yake cikin murfi, haƙora gare shi, kuma shi ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistan. Idan ya tsinke a wasu injuna, kamar na Honda Accord mai silinda shida, fistan kan daki bawul ya lanƙwasa su. Corollar da aka ambata, da Camry mai injin lita 2.4, da Accord ƙirar 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu, duk sarƙa suke amfani da ita a wannan wuri, ba roba ba. Saboda haka mai irin waɗannan motoci da aka ce masa a sauya taimin bel, ya nemi ƙarin bayani kafin ya zaro kuɗi.

Tsinkewar fanbel ba ta lalata inji nan take, abin da ke biyo baya ne ke lalata shi. Fitilar batir za ta kama a dashbod, sitiyari ya yi nauyi idan mai aiki da mai ne, sanyi ya ɗauke. A injin da bel ɗin ke juya famfon ruwa, wanda ya haɗa da waccan Corolla da Camry da Accord mai silinda huɗu, ruwa zai daina zagayawa, kuma cikin 'yan mintuna allurar zafi za ta haura. Direban da ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari na gaba, shi ne wanda kan ƙone gaskit ko ya lanƙwasa kan inji, gyaran da ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Abin yi shi ne a sauka gefen hanya a kashe mota. Duk wanda ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ko Kano zuwa Katsina ya san tsayuwar dole da magariba ba abin wasa ba ce, don haka a duba bel tun a gida.

Masu ƙera bel kan ƙiyasta masa rayuwar kilomita 100,000 zuwa 160,000, amma littafin motar shi ne abin bi. A lura cewa motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙidaya, kuma mil 60,000 ya kusa kilomita 97,000. Zafin bazara da ƙurar hunturu da ruwan da ke kwanciya a tituna da damina duk suna rage wannan wa'adi.

Da can tsattsagewa ake dubawa a gane bel ya tsufa. Robar da ake yin bel da ita yanzu, wadda ake kira EPDM, ba ta cika tsagewa ba, sai dai ta riƙa cinyewa a hankali kamar taya. Tsagin ya yi zurfi, bel ya nutse cikin fuli, ya fara zamewa alhali a ido lafiyarsa lau. Sauran alamun su ne bayan bel ya yi ƙyalli, ko gefensa ya fara fitar da zare, ko a same shi jiƙe da baƙin mai.

Inda ake yawan asarar kuɗi shi ne wajen ƙara. Mota ta fara kuka da safe, a je gareji a sauya bel, bayan mako biyu kukan ya dawo, sai a ɗora laifi a kan mai shago. Sau da yawa ba bel ne ya gaza ba, sifirin ɗin ajasta ne ya mutu, ko boris ɗin fulinsa ya bushe. Bel da ajasta tare suke aiki, tare kuma suke tsufa, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera su ke ba da shawarar a sauya su lokaci guda. Akwai gwaji mai sauƙi: inji na aiki, a fesa ruwa kaɗan a ɓangaren bel mai tsagi, daga nesa, hannun riga a naɗe. Idan ƙarar ta ƙaru, ɗaurin ne ya yi sako-sako. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, to akwai fulin da ya kauce daga layi. Ajastan da hannunsa ke rawa sosai yayin da mota ke tsaye inji na aiki, shi ma ya gaji. Goga wa bel sabulu ko kyandir ko man birki kuwa, rufe bakin ƙarar ne kawai. Mai yana cin roba.

Aikin sauyawa ba shi da wuyar fahimta, kuma yana da kyau mai mota ya tsaya ya gani. A bar inji ya huce, a zare makulli, a cire wayar batir ta baƙi. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton yadda bel ya bi da waya, domin kuskuren hanya ɗaya na iya sa famfon ruwa ya juya a baibai. A motoci da yawa sai an cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ana sa dogon sifana a jikin ajasta a danne shi, bel ya saki, a zame shi, a sassauta sifanan a hankali. Yatsa ba ya shiga tsakanin bel da fuli.

Da zarar bel ya fita, dama ce ta juya kowane fuli da hannu. Wanda ya yi ƙara kamar akwai yashi a ciki, ko yake girgiɗi, ya mutu. A kuma duba ko mai ko ruwa na ɗiga a wurin, don idan ba a toshe ba sabon bel ma ba zai daɗe ba. Daga nan a kwance ajasta, a ɗaura sabo daidai ƙarfin da littafi ya faɗa, saboda a motoci da yawa jikin inji na alminiyam ne, zarensa na saurin lalacewa. A mayar da bel, a tabbatar kowane tsagi ya zauna a gurbinsa, sannan a tayar da mota a saurara. A motoci masu ɗaurin hannu, a danna tsakiyar bel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. Ɗaurin da ya wuce kima yana kashe boris ɗin altaneta da na famfon ruwa.

Wajen saye, lambar da ke bayan bel ita ce jagora. Idan an rubuta 6PK1880, ma'anarsa tsagi shida, tsawo milimita 1,880. Sunaye irin su Gates da Dayco da Bando da Mitsuboshi da Continental sanannu ne, kuma shi ya sa ake buga jabunsu, don haka a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo a nemi ɗan kasuwar da zai karɓi kayansa idan suka ba da matsala. Ajasta na Beljiyam na iya fin sabon jabu ƙarko, amma babu wanda ya san tafiyar da ya riga ya yi. Bel na hannu kam bai cancanci saye ba. Tsohon da aka cire, idan bai tsinke ba, a ajiye shi a but tare da sifanan da ya dace da ajastan motar.