Daga Turbar Fatake zuwa Kwalta: Tarihin Haɗarin Hanya a Gundumomin Magariya da Dungas

1. Gabatarwa

Idan mota ta banke mutum a bakin kasuwar Bande ko a mashigar garin Magariya, abin da aka saba ji shi ne gangancin direba, ko kuma a ce kwana ne ya ƙare. Wannan ƙasida ba ta musanta gangancin ba. Manufarta ita ce ta nuna cewa haɗarin yana da tarihi: hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Dogo, Bande da Magariya har zuwa Tinkim, wato ɓangaren kudu na hanyar ƙasa mai lamba 11, an tsara ta ne domin kaya su wuce zuwa Kano. Mutanen da ke zaune a bakinta ba su shiga lissafin ba. Yau hanyar ta zama titin gari, kasuwa da tasha a lokaci guda, alhali ana tuƙi a kanta kamar a daji. Za mu bi matakai uku da suka kai ga haka, sannan mu duba darasin da ke ciki ga gundumar Dungas.

2. Zamanin ayari

A ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun (1851-1884), wannan yanki na kudu, har da ƙasashen Sosebaki irin su Waca da Dungas, yana ƙarƙashin ikon Damagaram, kuma ta cikinsa ayari ke bi tsakanin Damagaram da Kano. Tafiyar ta raƙumi ce da jaki da takarkari, zango-zango. Tana da nata haɗari, wato ƴan fashi, yaƙi da ƙishirwa, kuma akwai masu alhakin kare matafiya: madugu ne ke yanke shawara, jagaba ke gaba yana duba hanya. Abin lura a nan shi ne saurin ayari bai wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba. Saboda haka turba ta ratsa tsakiyar gari ba abin tsoro ba ne, arziki ne, domin a nan fatake ke sauka su sayi abinci da harawa. Wannan fahimta, cewa hanya albarka ce da ake matsowa kusa da ita, ta girmi mota, kuma har yanzu ita ke jan gidaje da rumfuna zuwa bakin kwalta.

3. Gyaɗa, jirgin ƙasa da kamiyo

Faransawa sun ci Damagaram a shekara ta 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamun iyaka tsakaninsu da Ingilishi. Amma abin da ya fi sauya alƙiblar yankin shi ne isowar layin dogo Kano a 1911. Kamar yadda Stephen Baier ya nuna a nazarinsa na tattalin arzikin wannan yanki (1980), fataucin hamada ya durƙushe a daidai wannan lokaci, ciniki ya juya kudu. Ƙasar Magariya da ta Matamai suka zama cibiyar noman gyaɗa, kuma hanya mafi kusa ta kai ta teku ita ce Kano, daga nan jirgi zuwa Ikko.

Hanyoyin mota na farko talakawa ne suka share su da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a watan Afrilu na 1946. Raƙuma da jakai sun ci gaba da dakon gyaɗa har zuwa shekarun 1950, lokacin da kamiyo ya karɓe aikin. Bayan samun mulkin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa da fitar da ita, daga baya kuma aka gina masana'antar mai ta SEPANI a Magariya. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa. Ke nan ma'aunin kyawun hanya a idon hukuma shi ne tan nawa ta ɗauka kafin damina. Ba a ware gefen masu ƙafa ba, ba a ware na amalanke ba, kuma wuraren awon gyaɗa da kasuwanni a bakin hanyar suka zauna.

Akwai wani abu da akan manta. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, a Nijar kuwa a hannun dama. Direban da ya ɗauko kaya daga Magariya sai ya sauya hannu da zarar ya ƙetare zuwa Babban Mutum. Wannan ya isa ya nuna cewa hanya guda ce mai dokoki biyu, kuma ko bayan an daidaita hannun tuƙi, sa ido bai daidaita ba: Nijeriya ta kafa hukumarta ta kiyaye haɗurra a 1988, Nijar kuwa sai a 2014 ta yi sabuwar dokar hanya tare da kafa hukumar ANISER.

4. Bayan gyaɗa

Farin 1973-1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun karya wannan noma. Hanyar ba ta mutu ba, kayanta ne suka sauya: dabbobi, wake da riɗi suna yin kudu, hatsi, kayan masarufi da man fetur ɗin da ake kira ruwa-ruwa suna yin arewa. Cinikin ƴan kasuwa masu ƙaramin jari ne, ribarsa tana cikin yawan sawu da yawan lodi. Shi ya sa ake ganin mota mai kujera 19 ta ɗauki fiye da haka, da buhuna a samanta, ko fasinjoji zaune bisa kaya a bayan kamiyo ranar kasuwa. Rage darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya tsadantar da taya da kayan gyara, abin da ya ƙara tsawon ran tsofaffin motoci a kan hanya. Daga shekarun 2000 kuma babura masu araha na ƙasar Sin suka cika yankin, sana'ar kabu-kabu ta zama abin dogaron samari, mafi yawansu ba hular kwano, ba su kuma taɓa shiga makarantar koyon tuƙi ba.

Rufe iyaka ma yana da nasa tasiri. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo fatauci bai tsaya ba, ya koma ne kan babura da ƙananan motoci masu bin ɓarauniyar hanya, sau da yawa da dare, da jarkokin fetur a ɗaure.

A ɗaya gefen kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magariya mutum sama da dubu 570, Dungas sama da dubu 350, kuma suna cikin wurare mafi cunkoso a ƙasar. Da aka sabunta kwaltar Damagaram zuwa iyaka a shekarun 2010 da tallafin Tarayyar Turai, ramuka sun tafi, tafiya ta yi sauƙi, gudu kuma ya ƙaru a cikin garuruwan da suka riga suka rungume hanyar. Lissafin a fili yake: mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 90 kuwa mita 25. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarin kashi 1 cikin 100 na matsakaicin gudu yana ƙara haɗurra masu kisa da kashi 4 cikin 100. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 1.19 a shekara a hanyoyin duniya, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da babur, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Irin waɗannan mutane su ne mafi rinjaye a bakin hanyar Magariya. Wanda ya ji mummunan rauni kuwa, sau da yawa sai an yi da shi tafiyar kimanin kilomita 90 zuwa babban asibitin Damagaram.

5. Dungas a bakin mataki

Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Ta daɗe tana dogara da burji da turbar yashi, duk da kusancinta da Maigatari ta jihar Jigawa, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. Haɗarinta na kifewar mota ne mai lodi fiye da kima da kuma nisan asibiti. A 2022 Bankin Raya Afirka ya amince da ba da kuɗin shimfiɗa kwalta mai tsawon kilomita 110 daga Hamdara zuwa Waca, Dungas da iyakar Nijeriya. Babu mai shakkar amfanin wannan aiki ga manomi da mai naƙuda. Sai dai hujjar da aka kafa shi a kai, wato fitar da amfanin gona, ita ce hujjar zamanin gyaɗa. In gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, to abin da ya faru a Bande da Magariya ya ishi Waca da Dungas: kwalta za ta jawo rumfuna, makarantu da tashoshi zuwa bakinta, gudu kuma zai ninka.

6. Kammalawa

Mun ga cewa al'adar matsowa kusa da hanya ta samo asali ne tun zamanin ayari, tsarin hanyar ya fito daga zamanin gyaɗa, yawan lodi da babura kuma daga tattalin arzikin iyaka. Horon direba kaɗai ba zai warware abin da shekaru ɗari suka ƙulla ba. Abin da tarihin ke nunawa shi ne a ɗauki duk inda hanya ta ratsa gari a matsayin titin gari: a rage gudu da tudun da ke tilasta birki, a ware gefen masu ƙafa da amalanke, a janye tasha da kasuwa daga kan kwalta tun kafin su kafu, da shawarar sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin direbobi. Ga ɗalibanmu kuma akwai aiki: rajistocin jandarma, littattafan asibitoci da bakin tsofaffin direbobi da ƴan kamasho taskoki ne na tarihi, kuma kamata ya yi a tattara na Dungas tun yanzu, domin a samu abin da za a gwada gobe da shi.